Yadda Ake Raba Manufar Ƙungiya da Hangen Nesanta, Sannan a Rubuta Kowanne

Ku ɗauki kundin tsarin mulkin wata ƙungiya, ko ku buɗe shafin intanet na wani kamfani, za ku tarar da kanun magana biyu a jere: "Hangen nesanmu" da "Manufarmu". Ku sa hannu ku rufe kanun, ku karanta abin da ke ƙarƙashinsu. Sau da yawa ba za ku iya cewa ga wannan ga wancan ba. Duka biyun cike suke da "inganta rayuwar al'umma" da "zama kan gaba" da "ci gaba mai ɗorewa". Da wani zai musanya su cikin dare, ko sakataren da ya buga su ba zai lura ba.

Alhali bambancin ba shi da wuyar ganewa. Hangen nesa shi ne halin da kuke son a wayi gari a ga mutane a ciki, bayan aikinku ya ci nasara. Manufa kuwa ita ce aikin da za ku tashi ku yi gobe da safe: mene ne shi, wa ake yi wa, ta wace hanya. An ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. To, hangen nesa shi ne Dalar da ake hange, manufa ita ce tafiyar da ƙafa ke yi.

Kalmar "manufa" tana da ɗan rikici, domin da ita ake kiran tsarin da gwamnati ta ɗauka a kan wani lamari, da ita kuma ake jera "manufofi" goma sha biyu a bayan takarda. A nan, abin da nake nufi da ita jimla ɗaya ce tak, mai faɗin dalilin wanzuwar ƙungiya da aikinta. Wasu kuma sun fi son cewa "babban buri" a maimakon hangen nesa. Duk wanda kuka zaɓa, ku tsaya a kansa.

Misali biyu sun isa su fito da abin fili. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a Amurka a 1976, hangen nesanta shi ne duniyar da kowa yake da wurin zama na mutunci. Manufarta kuwa ta ambaci aikin hannu: haɗa mutane su gina gidaje. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia tun 2003, tana hangen duniyar da kowane ɗan Adam zai iya samun rabonsa daga dukan ilimin da ake da shi, ba tare da shamaki ba. Manufarta ita ce ƙarfafa wa mutane gwiwa su tattara bayanan ilimi a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da su, sannan a yaɗa su ko'ina. Ku lura da abu ɗaya: a cikin hangen nesan biyu, babu inda ƙungiyar ta ambaci kanta. Wata ƙungiya ma tana iya ɗaukar burin nan ta ce nata ne. A manufa ne ake ganin mai aiki da aikinsa.

Mataki na farko: tara waɗanda za su zauna

Kada shugaba ya rubuta shi kaɗai, kada kuma a kawo shi gaban babban taro a ce kowa ya tofa albarkacin bakinsa, domin jimlar da mutum sittin suka rubuta ba ta fita da rai. Mutum biyar zuwa takwas sun isa. A cikinsu lallai a sami wanda ke yin aikin da hannunsa, da mai riƙe da kuɗi, da aƙalla mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake yi wa hidimar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ku zo da takardun kashe kuɗi na shekarar da ta wuce, da jerin ayyukan da aka yi. Kuma kafin a buɗe baki, kowa ya rubuta amsarsa a takarda shi kaɗai. Da zarar shugaba ya fara magana, sauran gyaɗa kai kawai za su yi.

Mataki na biyu: ku fara da manufa

Akwai masu cewa a fara da hangen nesa tunda shi ne babba. Idan ƙungiyar sabuwa ce fil, ba laifi. Amma in kun riga kun shekara kuna aiki, ku fara da manufa, saboda ita ce ke da shaida a ƙasa. Mafarki kowa ya iya shi. Inda kuɗinku da lokacinku suka tafi kuwa, wannan ba ya ƙarya.

Ku jera duk abin da kuka yi cikin wata goma sha biyu, ku rubuta a gefen kowanne kimanin abin da ya ci na kuɗi da na kwanakin aiki. Za ku ga abu ɗaya ko biyu sun cinye kaso mafi tsoka. Wannan ita ce manufarku ta zahiri, ko da ba ita ce a rubuce ba. Idan ba ku ji daɗin abin da kuka gani ba, to ba gyaran jimla ke gabanku ba, gyaran aiki ne, kuma gara ku sani tun yanzu.

Daga nan sai tambayoyi uku. Me muke yi? Wa muke yi wa? Ta wace hanya, wadda ta bambanta mu da masu irin aikinmu?

A ɗauki misalin wata ƙungiya mai koya wa manya karatu da rubutu. Rubutun farko yakan fito kamar haka: "Manufarmu ita ce bunƙasa ilimi da inganta rayuwar al'umma ta hanyar shirye-shirye masu inganci." Babu kuskure a jimlar, amma jami'a ma za ta iya sa hannu a ƙarƙashinta, haka kamfanin buga littattafai, haka ma'aikatar ilimi. Sai a matsa. Wane ilimi? Karatu da rubutu da lissafi. Su wa? Manyan da ba su samu shiga makaranta suna yara ba. Ta yaya? Azuzuwan yamma, cikin harshen da suke magana da shi, a kusa da gidajensu. Yanzu jimlar ta koma: "Muna koya wa manyan da makaranta ta wuce su karatu da rubutu da lissafi, cikin harshensu, a azuzuwan yamma kusa da inda suke zaune." Wanda ya ji wannan ya san ko mahaifiyarsa za ta iya shiga, ya kuma san ko gudummawarsa ta dace da wurin.

Ku fara jimlar da aikatau da ido ke gani: koyarwa, ginawa, jigila, warkarwa, horarwa. Ku yi hattara da "tallafawa" da "wayar da kai" da "bunƙasawa". Ba haramun ba ne, sai dai su ne maɓoyar wanda bai yanke shawarar abin da zai yi ba. Google, duk girmansa, manufarsa gajera ce: tsara bayanan duniya, a sa kowa ya iya kaiwa gare su ya kuma amfana. Idan wannan kamfani bai buƙaci sakin layi uku ba, ban ga dalilin da ƙungiya mai ma'aikata tara za ta buƙata ba.

Sai gwajin da na fi ba wa muhimmanci, wato gwajin "a'a". Ku ƙirƙiro tayi uku masu daɗin ji. Ga mai ba da tallafi ya zo da kuɗi masu kauri, yana so ƙungiyar yaƙi da jahilcin nan ta haƙa rijiyoyi. Ga wani yana so a buɗe makarantar renon yara. Ga na uku yana so a koya wa ɗaliban yadda ake karanta saƙon waya da rasit ɗin banki. Ku ɗora kowanne a kan manufar. Na uku ya shige ba gardama. Na farko bai shiga ba, ko da kuwa ruwa alheri ne. Na biyu zai jawo muhawara, kuma muhawarar tana da amfani. Idan jimlarku ta karɓi duka ukun hannu bibbiyu, ba ta gama nuna ba, ku mayar da ita. Na taɓa zama a taron wata ƙungiya da ta fara da aiki ɗaya, cikin 'yan shekaru ta koma tana taɓa abu shida, kowanne saboda wani ya kawo kuɗinsa. Da aka tambayi ma'aikatan me ƙungiyar ke yi, amsa shida aka samu. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida.

Akwai kuma haɗarin ƙuntatawa fiye da kima. Kada ku ɗaure manufa da wani kayan aiki ko wata hanya da za ta iya tsufa. Kamfanin Tesla, mai ƙera motoci masu amfani da lantarki, ya daɗe yana cewa manufarsa ita ce gaggauta komawar duniya ga sufuri mai ɗorewa. A 2016, shekarar da ya sayi kamfanin wutar sola na SolarCity, ya cire kalmar sufuri ya sa makamashi, domin tsohuwar rigar ta yi masa kaɗan. A misalinmu, "azuzuwan yamma" na iya zama irin wannan tarko in gobe aka koma koyarwa ta rediyo ko ta waya. Ku tattauna: yammar ce ginshiƙi, ko kuwa abin nufi shi ne lokacin da bai ci karo da neman abincin ɗalibi ba? In na biyun ne, shi za a rubuta.

Mataki na uku: ku ɗaga kai ku rubuta hangen nesa

Hanya mafi sauƙi ita ce ku riƙe manufar da kuka gama, ku yi ta tambayar "don me?" har sai tambayar ta ƙare. Don me muke koya wa manya karatu? Don su iya karanta takardar magani da wasiƙa da yarjejeniya. Don me? Don kada a cuce su, kada kuma su riƙa tona asirinsu ga wani kafin su san abin da aka rubuto musu. A nan kun iso: "Al'ummar da babu baligin da zai dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba." Wannan hange ne. Ana iya ganinsa da idon zuci, ba a ambaci ƙungiyar ba, kuma ba bana za a kai gare shi ba.

Wata hanyar ita ce ku tambayi kanku: ranar da za mu rufe ofis muna murna, ba don kuɗi sun ƙare ba, me ya faru a duniya? Masu yaƙi da cututtuka sun fi kowa sauƙin amsa wannan. Lokacin da Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, ta karɓi jagorancin yaƙi da kurkunu a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Burin kalma kaɗan ne: duniyar da babu kurkunu. Aikin yau da kullum kuwa tace ruwan sha ne, da sa magani a tafkuna, da hana mai ciwon shiga ruwa, da horar da 'yan sa-kai a ƙauyuka. A 2023 mutum 14 kacal aka samu. Shekara kusan arba'in burin bai motsa ba, dabarun ne suka yi ta sauyawa a ƙarƙashinsa.

'Yan kasuwa su ma suna da nasu. Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, ya shahara da burin ganin kwamfuta a kan kowane tebur da cikin kowane gida, a zamanin da yawancin mutane ba su taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba. Hoto ne da yaro ma zai iya zanawa. Ku gwada shi da jimlar da ta cika bangon ofisoshi: "Zama kamfani na ɗaya a fanninmu." A ganina wannan raunin hange ne. Maganar kanku ce kawai, ba ta gaya wa abokin ciniki abin da zai samu ba, kuma duk abokan hamayyarku ita suka rubuta. In har sai kun ambaci matsayinku, ku faɗi na ɗaya a me, kuma a idon wa.

Tambayar da kan taso a nan ita ce ko a sa shekara. Ƙasashe sukan sa: Saudiyya ta bayyana shirinta na 2030 a shekarar 2016, Tarayyar Afirka kuma tana da Ajandar 2063. Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisar Amurka ranar 25 ga Mayu, 1961, ya ce a sauke mutum a duniyar wata a dawo da shi lafiya kafin ƙarshen shekarun 1960, aka kuwa yi a watan Yulin 1969. Wa'adi yana zaburarwa. Amma yana iya wucewa ya bar ku da kunya. A 1988 Majalisar Lafiya ta Duniya ta ƙudurta kawar da shan-inna kafin shekarar 2000, lokacin cutar tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe sama da 125. Shekarar ta zo ta wuce. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta asali, Pakistan da Afganistan kuma suka ci gaba da fama. Burin bai mutu ba, wa'adin ne ya faɗi. Shawarata ga ƙaramar ƙungiya: ku bar hangen nesa ba shekara, ku kai shekarun cikin tsarin aiki, inda za a iya gyara su ba tare da an taɓa tushe ba.

Mataki na huɗu: ku haɗa su da "domin"

Ku karanta manufa, ku ce "domin a samu", ku karanta hangen nesa. "Muna koya wa manyan da makaranta ta wuce su karatu da rubutu da lissafi, domin a samu al'ummar da babu baligin da zai dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba." In jimlar ta tafi sumul, sun dace. In ta yi tsalle, kamar ƙungiyar da ke raba littattafai tana hangen kawar da talauci daga doron ƙasa, to ko dai hangen ya yi nisan da aikinku ba ya taɓa shi, ko manufar ta bar wani abu a baya. Sannan ku juya su, ku sa hangen a gaba, manufa a bayan "domin". Ya kamata ta fito a karkace. Idan ta yi daidai ta kowace fuska, abu ɗaya kuka rubuta sau biyu.

Mataki na biyar: ku tsince baƙin da suka shigo

Abubuwa uku sukan saci jiki su shiga. Na farko ƙudurori masu adadi, irin su yaye ɗalibai 500 cikin shekara biyu: wurinsu tsarin aiki. Na biyu taken talla, wanda aikinsa daɗin kunne. Na uku ɗabi'un ƙungiya, wato gaskiya da riƙon amana da makamantansu. Waɗannan suna da nasu shafi, kuma rubuta su ba ya haifar da su. Kamfanin makamashi na Enron ya jera mutunta juna da riƙon gaskiya cikin ɗabi'unsa huɗu, ya kuma durƙushe a watan Disamban 2001 saboda maguɗin lissafin kuɗi.

Mataki na shida: ku fitar da su waje

Ku karanta wa mutum uku da ba su san ƙungiyar ba, da baki, ba a takarda ba. Washegari ku tambaye su abin da suka riƙe. Ba hadda ake nema ba: in sun faɗi aikinku da nasu kalmomi, an dace. In ƙungiyarku tana aiki da harshe fiye da ɗaya, kada ku rubuta da ɗaya ku miƙa wa mai fassara a ƙarshe. Ku gwada faɗin jimlolin da kowane harshe tun a zaman farko. Jimlar da ta ƙi faɗuwa da harshen waɗanda kuke yi wa aiki, galibi ba ta da komai a ciki, ado ne ya rufe ta.

Kafin a kai wa babban taro ya amince, ku duba takardun rajistarku. A ƙasashe da yawa ƙungiyar agaji ba ta da ikon kashe kuɗin gudummawa a kan abin da ya fita daga dalilan da aka yi mata rajista a kansu, kuma sauya waɗannan dalilai yana da nasa ƙa'idoji. In sabuwar manufar ta zarce abin da ke rajista, ku nemi lauya tukuna.

Mataki na bakwai: ku ba kowanne aikinsa

Manufa ta zauna a teburin kasafin kuɗi da na ɗaukar ma'aikata. Duk sabon shiri da aka kawo, wanda ya kawo shi ya nuna da wace kalma ta manufar ya rataya. Hangen nesa kuwa na ranar da gwiwa ta yi sanyi ne, da ranar neman abokan tafiya, domin ƙungiyoyi biyu masu aiki daban suna iya haɗuwa a kan buri ɗaya. Hangen nesa ake fara faɗa wa sabon ɗan sa-kai, manufa ake ba shi ranar da zai kama aiki.

Mataki na takwas: ku sa ranar sake dubawa

Manufa a duba ta duk bayan shekara uku zuwa biyar, ko lokacin da wani babban abu ya sauya. Facebook ya sauya tasa a 2017, daga buɗe duniya da haɗa ta, zuwa ba mutane ikon gina al'umma da kusanto da duniya ga juna. Microsoft ya sake tasa a 2015, shekara guda bayan Satya Nadella ya zama shugaba, lokacin da kwamfuta ta riga ta cika teburan ƙasashe masu arziki, waya kuma ta shiga aljihu. Hangen nesa ba a taɓa shi da wasa. In kun ga kuna sauya shi duk lokacin da aka yi sabon shugaba, to ra'ayin shugaba kuke rubutawa.

Sai dai akwai ranar da dole a taɓa shi, wato ranar da ya cika. A 1938 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa gidauniyar yaƙi da shan-inna da aka fi sani da March of Dimes. Ita ta ɗauki nauyin binciken likita Jonas Salk kan rigakafin cutar, kuma a watan Afrilun 1955 aka sanar cewa rigakafinsa yana aiki. Gidauniyar ta wayi gari da ofisoshi da 'yan sa-kai da masu ba da gudummawa, ga shi abin da aka taru dominsa yana gab da ƙarewa a ƙasar. Ƙungiyar da ta kai wannan matsayi hanya uku ke gabanta: ta rufe ta miƙa dukiyarta ga mai irin aikinta, ko ta kai aikin inda matsalar ba ta ƙare ba, ko ta nemi sabon buri da ya dace da ƙwarewar da ta tara. March of Dimes ta ɗauki ta ukun. A 1958 ta juya ga nakasar da ake haifar jarirai da ita, daga baya ta ƙara da matsalar haihuwar bakwaini. Ku rubuta a kundinku tun yau wa ke da ikon yanke irin wannan shawara, da yawan ƙuri'un da ake buƙata kafin ta tabbata.